Rasuwar Amina ta Zazzau

Amina, wadda aka fi sani da Sarauniya Amina, jaruma ce daga gidan sarautar Zazzau kafin jihadi, kuma ita ake jingina wa yaƙe-yaƙen faɗaɗa ƙasa da gina ganuwoyi. Wannan kowane ɗan firamare ya haddace. Inda gizo ke saƙar shi ne batun ƙarshenta. Littattafan makaranta da shafukan intanet suna cewa an haife ta a 1533, ta hau mulki a 1576, ta rasu a fagen fama a Atagara a 1610, alhali tsofaffin rubuce-rubucen da suka ambace ta ba su ba da shekara ko ɗaya ba.

Rubutu mafi tsufa da ya ambaci rasuwarta shi ne Infaƙul Maisuri, wanda Muhammadu Bello ɗan Shehu ya kammala a 1812, kafin ya zama Sarkin Musulmi. Bello ya kira ta 'yar Sarkin Zazzau. Ya ce ta yaƙi ƙasashen Hausa har Kano da Katsina suka riƙa kai mata haraji, ta nausa kudu da yaƙi, sannan ta rasu a wani wuri mai suna Atagara. Iyakar abin ke nan. Bai ce kashe ta aka yi ba, bai ambaci kibiya ko guba ba, bai kuma faɗi inda aka binne ta ba. Wani ɓangare na bayanin Bello ya bi Hugh Clapperton zuwa Ingila bayan ziyararsa Sakkwato a 1824, aka buga shi da Turanci a 1826, ta nan Turawa suka fara jin sunanta. Masana da dama sun ɗauki Atagara a matsayin ƙasar Igala, wajen Idah a bakin Kwara, cikin Jihar Kogi ta yau.

Madogara ta biyu ita ce Tarihin Kano, wanda aka tattara a ƙarshen ƙarni na 19, H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, daga baya fassarar littafin ta Hausa ta fito cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Shi bai ce uffan kan rasuwarta ba. Ya kawo ta ne a zamanin Sarkin Kano Dauda Baƙon Damisa, wanda lissafin Palmer ya sa tsakanin 1421 da 1438. Ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, kuma yaƙe-yaƙenta sun ɗauki shekara 34.

Ta uku ita ce jerin sarakunan Zazzau. A ciki akwai Bakwa Turunku daga 1536 zuwa 1539, sai Ibrahim, sai Karama daga 1566 zuwa 1576, sai Kafo. Sunan Amina ba ya ciki. Labaran baka na Zariya da na zuriyar Sarki Makau, waɗanda suka koma Abuja ta da, wato Suleja, su ne suka ce ita 'yar Bakwa ce kuma yayar wata mai suna Zariya.

Daga nan aka samo 1610. An ɗauki shekarar da mulkin Karama ya ƙare daga jerin Zazzau, aka ɗora mata 34 ɗin nan na Tarihin Kano, lissafi ya fita daidai. Sai dai littafin da aka aro 34 daga cikinsa ya ajiye Amina kusan shekara 150 kafin Karama, jerin da aka aro 1576 daga cikinsa kuma bai san ta hau karaga ba. An karɓi rabin shaidar kowannensu, an watsar da rabin da bai dace ba.

Masana sun rabu. Abdullahi Smith ya fifita bayan 1576, wasu kuma suka tsaya kan ƙarni na 15. Hujjar masu ƙarni na 15 ta fi nauyi. Tarihin Kano ya ce a zamaninta goro ya shigo ƙasar Hausa, kuma a zamanin sarkin da ya gaji Dauda, Abdullahi Burja, ya ambaci buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, matattarar cinikin goro. Labaran biyu sun zauna da juna. A ɗaya ɓangaren, shekarun da ake cewa ta murƙushe Kwararrafa sun faɗo a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Zaki (1582 zuwa 1618), lokacin da wannan littafi ya ce Kwararrafawa ne suka afka wa Kano har mutane suka gudu Daura, kuma bai ambaci wata mace daga Zazzau da ke karɓar haraji ba. Duk da haka, shekarun Palmer ma lissafin baya ne daga tsawon mulkin kowane sarki, don haka ƙarni kawai suke iya nunawa.

Sai labarin da ya fi kowanne yawo: wai ta ƙi aure, duk garin da ta ci sai ta zaɓi namiji ta kwana da shi, gari na wayewa ta sa a fille masa kai don kada ya ba da labari. Bello bai kawo shi ba, Tarihin Kano ma haka. Ya shigo rubutu ne ta hannun masu tattara labaran baka a ƙarni na 20, kuma siffarsa ta tatsuniya ce, irin ta sarkin nan na Dare Dubu da Ɗaya mai kashe amaryarsa kowace safiya. Amina ba ita kaɗai abin ya samu ba. Vlad, sarkin Walakiya a Romaniya ta yau, an kashe shi a yaƙi da Turkawa da abokan gabarsa a ƙarshen 1476 ko farkon 1477. Bayan fiye da shekara 400 Bram Stoker ya ari laƙabinsa, Dracula, ya sa wa fatalwa mai shan jini a littafinsa na 1897. Da aka tona wurin da ake cewa kabarinsa ne a Snagov a 1933 ba a sami gawarsa ba, masu almara suka ƙara samun abin faɗa. Bambancin shi ne Vlad ya bar wasiƙu da shaidun zamaninsa da za a gwada almarar da su, Amina kuwa rubutu na farko a kanta ya zo ne aƙalla shekara 200 bayan ta.

Wasu marubutan baya-bayan nan sun kai rasuwarta Vom kusa da Jos, ba tare da wata tsohuwar madogara ba. Kangon Turunku, tsakanin Zariya da Kaduna, yana nan ana danganta shi da gidansu. A zamanin nan an sa sunanta a kwalejin 'yan mata a Kaduna da ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Ahmadu Bello, an kafa mutum-mutuminta a gaban babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa a Legas, kuma Izu Ojukwu ya yi fim a kanta wanda ya fito a Netflix a 2021.