Ciwon Zuciyar Masu Jego: Yadda Bincike Ya Faro Daga Zariya

Jama'a, akwai wani ciwon zuciya da in likitocin duniya suka tashi maganarsa, da wuya su gama ba su ambaci ƙasar Hausa ba. Shi ne wanda ke kama mace a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa. Zuciya ce ke saki, ta buɗe, ta kasa harba jini yadda ya kamata, sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. A Amurka, ciwon kan sami mace ɗaya a cikin haihuwa 1,000 zuwa 4,000. A wasu garuruwanmu kuwa, kusan ɗaya ce a cikin 100.

A shekarun 1970, wasu likitoci biyu 'yan Birtaniya, Neil Davidson da Farfesa Eldryd Parry, suna aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Suka lura ana yawan kawo musu masu jego a kumbure, numfashi na sarƙewa. Suka bi diddigin mata 224, suka buga sakamakon a 1978. Abin da suka ɗora wa alhaki shi ne al'adar jego: wankan tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, ga kunun kanwa. Hujjarsu ita ce kanwa cike take da gishiri mai riƙe ruwa a jiki, zafi kuma na ƙara wa zuciya aiki. Shekara da shekaru wannan bayani aka riƙa koya wa ɗaliban likitanci.

To amma al'adar ta yi ta raguwa, musamman a birane, ciwon kuma bai tafi ba. A 2007 likitoci a Sakkwato suka ba da rahoton mace ɗaya a cikin haihuwa 102. Wato dai da sauran rina a kaba.

A wannan shekarar ce masu bincike a Jamus, ƙarƙashin Denise Hilfiker-Kleiner, suka gano cewa sinadarin da ke sa nono ya kawo yana iya gutsurewa, guntun ya koma dafi ga ƙananan jijiyoyin zuciya. A 2010 Farfesa Karen Sliwa ta gwada maganin da ke tsayar da sinadarin a kan wasu mata kaɗan a Afirka ta Kudu, aka ga alamar sauƙi.

Sannan namu suka karɓi aikin. Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Malam Aminu Kano ya nuna cewa yawancin masu ciwon a Kano suna da ƙarancin sinadarin seleniyom a jininsu. Ya kuma jagoranci wani babban bincike a asibitocin Nijeriya, wanda ya tattara mata sama da 400, aka fitar da shi a 2020. Mafi yawansu daga Arewa maso Yamma suke. Abubuwan da aka samu suna tafiya da ciwon su ne rama, rashin karatu, rashin abin yi, da hawan jini lokacin ciki. Alaƙarsa da wankan jego kuwa ba ta fito ba. Ashe talauci da rashin abinci mai gina jiki suna can ɓoye a bayan labarin.

Wannan fa ba izinin ɗirkar kanwa ba ne, domin zuciyar da ta raunana ba ta son gishiri. Abin da tarihin ke koya mana shi ne mu san alamomin. Mai jego ta kasa kwanciya sai ta jingina, tana tari da dare, tana haki ko daga ɗaki zuwa tsakar gida, ƙafa ta kumbura: kada a ce sanyi ne ko gajiyar haihuwa. A kai ta asibiti a yi hoton zuciya. Da yawa suna warkewa in an fara magani da wuri. Wadda kuma zuciyarta ba ta koma daidai ba, sabon ciki na iya zama ajalinta, don haka maigida, kai ma sai ka zauna ka ji bayanin likita.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya abin da aka haifa. A tura wa 'yan uwa.