Jinya bayan tiyatar rage fatar damtse: makonni 6 da ke yanke hukunci

Tiyatar rage fatar damtse aiki ne da likitan gyaran jiki ke yi don cire fatar da ta saki tana reto tsakanin hammata da gwiwar hannu. Yawanci masu nemanta su ne waɗanda suka yi ƙiba sosai sannan suka rame, ko ta hanyar rage abinci ko tiyatar rage tumbi, sai kuma waɗanda shekaru suka sassauta musu fata. Motsa jiki yana ƙarfafa tsoka, amma ba ya mayar da fatar da ta riga ta saki. Malamai suna bambanta tsakanin cire abin da ke cutarwa da neman ƙarin ado kawai, wannan kuwa kowa ya tambayi malaminsa. Ni abin da zan yi bayani a kai shi ne jinya. Zan riƙa cewa "ke" saboda mata sun fi yawa a masu yin ta, amma zancen ya shafi maza ma.

Ana yin aikin ne galibi da allurar barci, cikin awa 2 zuwa 3. Likita yana tsaga cikin damtse ko bayansa, wani lokaci ya haɗa da zuƙe kitse, ya yanke rarar fata ya ɗinke. To a nan nake so a fahimce ni: ciniki ne ake yi, an ba da fata mai reto an karɓi dogon tabo. Tabon nan ba ya ɓacewa, sai dai ya dusashe. Yadda zai kasance kuwa ya dogara sosai da abin da aka yi a gida bayan an bar asibiti.

Za ki farka hannuwa naɗe da bandeji, wani lokaci da siririn bututu da ke fitar da jini da ruwan da ke taruwa, wanda ake cirewa cikin 'yan kwanaki. Kumburi yana kaiwa maƙura a kwana na 2 zuwa na 3, har yatsu su cika, don haka a cire zobe da awarwaro tun kafin a shiga ɗakin tiyata. Kwanciya rigingine ce, a tokare hannuwa da filo su ɗan fi ƙirji tsawo. A riƙa dunƙule yatsu ana buɗewa. Kuma kada a lafe a gado: a tashi a zaga tsakar gida tun ranar farko, domin zama wuri ɗaya ke sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan kuma zai iya tafiya huhu.

Babbar dokar makonnin farko ita ce kada a ɗaga hannu sama da kafaɗa, kada a ɗauki kaya. A takarda abu ne mai sauƙi. Amma ki lissafa: ɗaura ɗankwali, zura hijabi ta ka, shanya, goyo, ɗaukar bokiti zuwa banɗaki, sauke tukunya, duk sun shiga ciki. A tanadi riguna masu maɓalli ta gaba da mayafi mara nauyi. Sujada ma tana ɗora nauyin jiki a kan hannuwa, shi ya sa da yawa ke yin salla a zaune na ɗan lokaci, kuma addini ya yi wa mara lafiya wannan rangwame. Batun alwala da wanka, a tambayi likita ranar da ruwa zai iya taɓa ɗinkin, a tambayi malami hukuncin shafa a kan bandeji.

Mu da ke zaune a Agege ko Sabon Ibadan ko Fatakwal muna da ƙarin matsala biyu. Ta farko, dangi sun yi nisa. A gida Arewa ƙanwa ko gwaggo za ta tare wajenki ba sai an roƙa ba, a nan kuwa kowa na kasuwa. A ganina, wadda ba ta samu mai zama da ita na aƙalla mako 1 ba, ta ɗaga ranar tiyatar. Ta biyu, zafi da gumi. Ƙarshen ɗinkin da ke cikin hammata shi ya fi saurin buɗewa, saboda wuri ne mai motsi da laima da gogayya. Ga kuma rigar matsi da ake sa wa damtse dare da rana na mako 4 zuwa 6 don rage kumburi. A sayi guda biyu, ana wanke ɗaya ana sanye da ɗaya, a bar turare da man hana warin hammata sai wurin ya rufe. Cunkoson danfo, riƙe ƙarfen sama a motar BRT da hawa babur, duk a haƙura da su.

Mai aikin ofis takan koma bayan mako 1 zuwa 2. Mai sayar da abinci, mai ɗinki, mai kitso, su kam lissafinsu ya kai mako 4 zuwa 6, kuma wannan asarar ciniki tana cikin kuɗin tiyata ko da asibiti bai rubuta ta a rasit ba.

Wani abu da nake ja wa mutanenmu kunne a kai shi ne gashi da ruwan zafi. Bayan wannan aiki fatar cikin damtse da ta gaban hannu takan yi dindiris na makonni ko watanni, saboda ƙananan jijiyoyin ji suna bi ta inda aka tsaga. Wurin da ba ya ji zai ƙone ba ki sani ba. Haka man zafi, garin magani da lalle, kada su kusanci ɗinki. Sigari da shisha suna tsuke hanyoyin jini su hana rauni haɗewa, likitoci kan ce a bari makonni kafin aiki da bayansa. Mai ciwon suga ta tabbatar sugan ya daidaita. Mai shafa man bilicin kuma ta faɗa wa likita gaskiya, domin da yawa daga mayukan nan na ɗauke da sinadarin sitiroyid da ke sa fata ta yi siriri ta ƙi riƙe zare.

Sai tabo. Baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai kauri, har da wanda ke tsirowa ya wuce iyakar rauni, irin wanda ake gani a kunnen wasu bayan huda. Wadda ta taɓa yin irinsa, ko yana cikin danginta, ta faɗa tun kafin a sa wuƙa, don wani likitan zai ce a fasa. Tabo yakan yi duhu da tauri a watannin farko, sai ya shekara 1 zuwa 1 da rabi kafin ya kwanta. Idan rauni ya rufe sarai, ana amfani da man silikon ko faifansa na watanni, a riƙa murza wurin a hankali, a kare shi daga rana. Wanda ya fara tudu ana yi masa allura a asibiti, kuma gara a je da wuri.

Alamomin da ba a jira wa gari ya waye: zazzaɓi, mugunya ko wari, ja da zafi da ke yaɗuwa, hannu ɗaya ya kumbura farat ɗaya ya yi tauri, yatsu su yi sanyi ko su sauya launi, ciwo da kumburin ƙwauri, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi. Ruwan da ke taruwa ƙarƙashin fata yana motsi shi ma na likita ne, da sirinji ake zuƙe shi.

Wannan ne ya sa nake ɗari-ɗari da zuwa Turkiyya ko Masar a yi aiki a dawo cikin mako guda: doguwar tafiyar jirgi na ƙara haɗarin daskarewar jini, kuma ranar da ɗinki ya buɗe, mai ɗinkin yana wata ƙasa. A nan Kudu akwai sassan tiyatar gyaran jiki a LUTH da ke Idi-Araba, LASUTH a Ikeja, UCH Ibadan, da asibitocin ƙashi na Igbobi da Enugu. Ko asibitin kuɗi za a je, a bincika rajistar likitan a hukumar MDCN, a tambaya ko ƙwararre ne a wannan fanni, sannan a karɓi lambar da za a kira idan abu ya taso da tsakar dare.