Amosanin Gaɓɓai da Ƙwarin Ƙashin Bayan Mata

Amosanin gaɓɓai ciwo ne da ke cinye guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa, kuma ya fi kama mata bayan ɗaukewar al'ada. Idan ya taɓa ƙashin baya, yakan haifar da tsiron ƙashi a gefen gaɓa. Wannan tsiro kan ruɗi na'urar awon ƙashi, ta nuna ƙwari alhali cikin ƙashin ya yi rauni, yana iya karyewa. Saboda haka ne likitoci kan haɗa da awon ƙashin kwatangwalo.

Muna kira ga matan Panshekara da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Kumbotso, duk wadda ciwon baya ya daɗe mata, ko ta ga tsawonta yana raguwa, ta garzaya Asibitin Ƙashi na Dala.