Haɗa Baƙi da Fahimtar Karatu a Firamaren Ƙonni, Malbaza da Illela

Binciken PASEC na shekarar 2014 ya nuna cewa ɗaliban Nijar da ke kammala firamare da ƙwarewar karatu mai gamsarwa ba su kai ɗaya cikin goma ba. Hujjar wannan maƙala ita ce, a gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela na jihar Tawa, babban tushen matsalar shi ne harshen da ake fara karatu da shi.

Yaron garin Galmi yana shiga ajin farko (CI) da Hausa cike da bakinsa. Ya san dashen albasa da ban-ruwa, ya san ciniki, yana iya kawo tatsuniya daga farko har ƙurunƙus. Sai a miƙa masa jimlar Faransanci. Zai haɗa baƙi, ya rera ta tare da 'yan aji, ya kwafe ta tsaf a allonsa. A tambaye shi wa ya yi me a cikinta, sai ya sunkuyar da kai. Wahala biyu aka ɗora masa lokaci guda: koyon harafi da koyon baƙon harshe. Ita kuwa makarantar allo, wadda yawancin yaran nan suka sani, tana bin mataki-mataki, babbaƙu kafin farfaru.

Dabarun fahimta ba su da tsada. Malami ya tsaya a tsakiyar labari ya ce, "Me kuke jin zai faru?" Ya sa yaro ya maimaita labarin da kalmominsa, ya kuma yi masa tambayar da ba a tsintar amsarta ta hanyar kwafe layi. Haka rubutu: jimla ɗaya da yarinya ta ƙirƙira game da kasuwar Badagishiri, ko da kurakurai, ta fi shafi guda na kwafi amfani. Duk waɗannan sai da harshen da yaro yake tunani da shi.

Wasu iyaye na fargabar Hausa za ta hana 'ya'yansu Faransanci, kuma fargabarsu abar saurare ce. Amma wanda ya iya karatu da harshensa ba ya sake koyon haɗa baƙi.

Nijar ta fara gwajin koyarwa da harsunan gida tun 1973, dokar ilimi ta 1998 ta amince da shi, kuma a 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Abin da ya rage shi ne littattafan labarai na Hausa a kowane aji, da malaman da aka horar su koyar da su.