Ɗan Maraya Jos: mawaƙin talakawa mai kuntigi

Adamu Wayya, wanda duniya ta sani da Ɗan Maraya Jos, mawaƙin Hausa ne ɗan Najeriya da ya yi suna da kiɗan kuntigi. An haife shi a shekarar 1946 a garin Bukuru, kusa da Jos, ya kuma rasu a Jos ranar 20 ga watan Yunin 2015.

Mahaifinsa makaɗi ne a fadar Sarkin Hausawan Bukuru. Iyayensa biyu sun rasu tun yana jariri, sai sarkin ya ɗauke shi ya riƙe. Daga nan laƙabin Ɗan Maraya ya samo asali. A wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri ne ya ga masu kaɗa kuntigi, abin ya ba shi sha'awa, ya koya, bai kuma rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Kuntigi ƙaramin abin kiɗa ne mai tsirkiya ɗaya, ana yin sa da gwangwanin kifi a rufe shi da fatar akuya. Mawaƙa irin su Mamman Shata suna tafiya da makaɗa da ƴan amshi, amma Ɗan Maraya shi kaɗai yake kiɗansa yake waƙarsa, kamar yadda wasu mawaƙan karkara na Amurka ke ba da labari da jita ɗaya.

Ya yi wa manya waƙa, ya kuma yi wa sojojin gwamnatin tarayya a lokacin yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970. Amma abin da ya fi ɗaga shi shi ne waƙoƙin masu ƙaramin ƙarfi. A "Waƙar Karen Mota" ya yabi yaran mota, masu loda kaya da tura mota idan ta maƙale, aikin da duk mai bin hanyar Damagaram zuwa Tanut da Agadas ya san wahalarsa. A "Jawabin Aure" da "Gulma Wuya" ya duba rikicin zaman aure da ɓarnar masu kai-komo da magana, yana sauya murya don kwaikwayon kowane mutum a cikin labarin. A "Auren Dole" kuma ya gargaɗi iyaye masu aurar da ƴaƴansu mata ga wanda ba sa so, matsalar da har yau ake fama da ita a Damargu da sauran sassan Nijar.

Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Shekaru bayan rasuwarsa, gidajen rediyon Hausa a Najeriya da Nijar na ci gaba da sa waƙoƙinsa, masu nazarin waƙar baka kuma suna amfani da su a jami'o'i.