Ɗakin Karatun Jama'a a Ƙasar Wurma: Me Za a Kare, Wa Zai Kare Shi?

Garin Wurma yana cikin ƙaramar hukumar Kurfi, yana kuma maƙwabtaka da Dutsin-Ma, inda ake da manyan makarantu biyu: Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Kowaccensu tana da laburare, kuma irin waɗannan makarantu ne asusun TETFund ke tallafa wa da kuɗin littattafai da kayan aiki. Sai dai an tanadi laburaren ne domin ɗalibi mai katin shaida da malamin da ke koyar da shi. Yaron da ya gama sakandare yana jiran jarrabawar shiga jami'a ba ya cikin lissafin. Haka malamin firamare da ke son sabunta abin da yake koyarwa, da matar da aka yi wa aure tana aji uku, da manomin da ke son fahimtar abin da aka rubuta a jikin kwalbar maganin feshi kafin ya zuba wa wakensa. Ɗakin karatun jama'a domin irin waɗannan aka ƙirƙire shi, kuma shi kaɗai ne wurin neman ilimi da ba ya tambayar mai shigowa shekarunsa ko takardunsa ko kuɗin makaranta. Ra'ayina shi ne ya cancanci kariyar doka a jihar Katsina har zuwa matakin gunduma, kuma abin da dokar za ta tsare shi ne kuɗin gudanarwa na kowace shekara, da ma'aikaci, da sabbin littattafai, domin rashin waɗannan ne ya kashe yunƙurin da aka yi a baya.

Ƙasar Katsina ba baƙuwar littafi ba ce. Al-Maghili ya zo nan a ƙarshen ƙarni na 15, Ɗan Marina da Ɗan Masani sun yi zamaninsu a ƙarni na 17, kuma Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafin da ya rasu a Alƙahira a 1741, daga wannan ƙasa ya fito. Amma yana da kyau a lura da yadda littafi yake isa hannun mai karatu a wancan tsari. Littafi na malam ne, an kwafe shi da hannu, warƙoƙinsa a sake cikin tadarishi, an ajiye shi a gafaka ko a adaka. Ɗalibi yana samun ganinsa ne idan ya zauna a zauren malam ya kai matakin da malam ya ga ya dace, aro kuwa sai wanda aka amince wa. Tsarin ya fitar da manyan malamai, ba a musun haka, amma yana da rauni biyu. Wanda ba shi da hanyar shiga zauren, galibi mace da talakan ƙauye, ba shi da hanyar littafin. Sannan ranar da malam ya cika, littattafansa sun zama gado: a raba wa magada, wani ya adana, wani ya sayar, wani ya bar su a ɗakin da ke yoyo har gara ta gama da su. Musulmi sun daɗe da gano wannan matsala, shi ya sa aka san waƙafin littattafai a masallatai da makarantu, kamar taskar Ƙarawiyyin ta birnin Fas da aka kafa a 1349. Waƙafi yana fitar da littafi daga rabon gado ya mayar da shi hakkin duk mai nema. Saboda haka wanda ke ganin laburaren jama'a baƙon abu ne da Turawa suka kawo, bai duba tarihinsa da kyau ba.

Abin da Turawa suka kawo shi ne ɗakunan karatu na En'e. A shekarun Yaƙin Duniya na Biyu aka buɗe su a manyan garuruwan Arewa, da farko domin yaɗa labaran yaƙi. A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, wanda ke aika musu da littattafai. Lokacin ya yi daidai da bunƙasar rubutun Hausa na boko: gasar rubutu ta 1933 a Zariya ta riga ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a lokacin yake koyarwa a Midil ta Katsina, Gaskiya Ta Fi Kwabo tana fitowa tun 1939, hukumar adabi ta NORLA kuma ta buga ƙananan littattafai masu yawa a shekarun Yaƙi da Jahilci. Wato akwai abin karantawa, akwai sabbin masu karatu, akwai ɗaki. Duk da haka, lokacin da masanin laburare F. A. Sharr ya zagaya Arewa ya rubuta rahotonsa a 1963, rauni ya tarar a waɗannan ɗakuna, musamman ta fuskar ƙwararrun ma'aikata. Buɗe sashen koyar da aikin laburare a Jami'ar Ahmadu Bello a 1968 yana cikin amsoshin da aka bayar. Darasin a fili yake: ɗakin da aka damƙa wa mai riƙe makulli kawai, ba a ware masa kuɗin sayen littafi ba, cikin 'yan shekaru zai koma wurin ajiyar tsofaffin kujeru.

Ƙasashen da laburarensu ya dawwama sun warware wannan matsala ne da sharaɗi rubutacce. Da kuɗin Andrew Carnegie, attajirin ƙarfe na Amurka, aka gina laburare sama da 2,500 tsakanin 1883 da 1929, amma ba ya sakin kuɗinsa sai garin ya ba da fili ya kuma yi alkawarin kashe kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin kowace shekara wajen gudanar da shi. A Ingila, dokar 1850 ta ba hukumomin gari damar kafa laburare da kuɗin haraji, ta 1964 kuwa ta mayar da abin wajibi a kansu. Ko a can an rufe rassa da yawa bayan tsuke bakin aljihun da aka fara a 2010, amma saboda akwai doka, mutanen gari sun sami abin da za su riƙe su kai ƙara kotu. Mu kuwa hankalinmu ya fi karkata ga gini, domin gini ne ake yanka wa ƙyalle a ɗauki hoto. Hedikwatar Laburaren Ƙasa da aka ba da kwangilarta a Abuja a 2006 ta shafe shekara da shekaru ba a kammala ta ba, kuma da an kammala ta a kan lokaci ma, babu abin da za ta canza wa yaron Wurma.

Suka ta farko da ake yi wa wannan ra'ayi ita ce waya ta riga ta maye gurbin laburare, tunda littafin da duk mutum yake so yana cikin intanet. Mutanen Kurfi da Dutsin-Ma suna da amsar da ta fi ta kowane masani. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga, waɗannan biyu suna ciki, kuma sai wajen ƙarshen shekarar aka fara maido su. Duk wanda karatunsa ya dogara da waya, karatun ya tsaya tare da layin. Ko a lokacin zaman lafiya, data kuɗi ce, kuma a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanoni su ƙara farashi har kashi 50 cikin 100. Caji ma kuɗi ne a garin da wutar lantarki ba ta da tabbas. A gida da yawa wayar ta maigida ce, yana fita da ita tun safe, yarinyar da ke shirin jarrabawa ba ta ganinta sai dare. Akwai kuma wani abu da masu sukar ba sa kawowa: tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta. Ɗan ƙauyen da bai taɓa ɗora yatsa a kan madannai ba yana shiga ɗakin jarrabawa tare da ɗan birnin da ya tashi da kwamfuta a ɗakinsu, a ba su lokaci iri ɗaya. Ɗaki mai kwamfuta shida da faifan sola da mutum guda da zai nuna wa yara yadda ake amfani da su zai rage wannan tazara fiye da kowace lacca. Zuwan fasaha ya ƙara wa laburare aiki, ya kuma sa rashinsa ya fi cutarwa.

Suka ta biyu ita ce mutanenmu ba sa karatu, don haka ko an buɗe ɗakin ba za a shiga ba. Wannan magana ta daɗe ana maimaita ta, kuma tarihin adabin Hausa ya ƙaryata ta. Daga tsakiyar shekarun 1980 marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa suka cika kasuwa da littattafan da suka buga da kuɗin aljihunsu, aka kuma sami shagunan hayar littafi a unguwanni, inda mace za ta aiki yaro da 'yan canji ya karɓo mata kashi na ɗaya, gobe ya mayar ya karɓo na biyu. Littafi ɗaya yakan zaga gida goma har bangonsa ya cire a ɗinke shi da zare. Mutanen da suke biyan kuɗi don su ari littafi ba za a ce ba sa son karatu ba. Abin da ba sa so shi ne a jera musu tsofaffin littattafan Turanci da wata ƙasa ta gaji da su ta turo kyauta. Laburaren da zai yi aiki a Wurma sai an zaɓi kayansa da sanin masu shiga: ƙagaggun labarai na Hausa, littattafan addini na Larabci da ajami, bayanan noma da kiwo da kiwon lafiya, littattafan manhaja na sakandare da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, da littattafan yara masu hotuna. Sai kuma a ware wa mata ranaku ko sa'o'i, a sami ma'aikaciya mace, in ba haka ba rabin gari ya fita daga lissafin tun kafin a buɗe ƙofa. Wannan tsari yana amsa fargabar iyaye game da tarbiyya ma, domin kantar da malamai da iyaye suka san abin da ke kanta ta fi sauƙin sa ido a kan abin da ke shigowa waya da tsakar dare.

Suka ta uku ta fi sauran nauyi, kuma ban ga dalilin raina ta ba. Wurma ta sha hare-haren 'yan bindiga, an sace mutane, an kore dabbobi, gonaki sun kwana ba a nome ba. Wanda ya ce a fara da tsaro da abinci da magani, gaskiya ya faɗa, kuma gina katafaren laburare a irin wannan hali ɓarnar dukiya ce. Inda na rabu da mai wannan magana shi ne zatonsa cewa karatu zai iya jira har ƙura ta lafa. Bayan sace ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, an rufe makarantu a jihar, wasu na kwana an mayar da su na jeka-ka-dawo, wasu an kwashe ɗalibansu. Yaron da ya yi zango biyu a gida ba littafi yakan koma aji ya tarar karatun da ya fara kamawa ya suɓuce, kuma da yawa daga nan suke barin makarantar gaba ɗaya. A yankin da makaranta ke buɗewa tana rufewa, littafin da ake ara a kai gida shi ne abin da ke riƙe yaro tsakanin rufewa da buɗewa. Ba kuma sai an yi sabon gini ba. Aji ɗaya a firamare ya isa, ko ɗaki a ofishin gunduma, tare da akwatunan littattafai da za a riƙa sauyawa tsakanin Kurfi da ƙauyukanta ranar kasuwa, irin yadda Kaduna ta riƙa yi wa ɗakunan En'e. Hukumar laburaren Kenya ta fara kai wa makiyaya littattafai a kan raƙuma a yankin Garissa a 1996, wurin da ya fi namu nisa da ƙarancin hanya. Kuɗin irin wannan aiki na shekara guda bai kai na motar alfarma ɗaya da ake saya wa jami'i ba.

Saura wanda zai ɗauki nauyin. Jihar Katsina tana da hukumar kula da laburare, kuma tsarin mulkin 1999 ya sa ƙananan hukumomi cikin masu hannu a ilimin firamare da na manya da na sana'a. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya rage uzurin da shugabanninsu suka saba bayarwa, duk da cewa aiwatar da shi na tafiyar hawainiya. Abin da nake ganin ya dace Majalisar Dokokin jihar ta yi shi ne ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma cikin 34 gudanar da laburare a hedikwatarta da kai littattafai gundumominta, ta ƙayyade kaso daga kuɗin ilimi da ba za a karkatar ba, ta kuma hana mayar da ɗakin karatu ofis ko shago sai an samar da madadinsa. Hukumar jiha ta riƙe sayen littattafai da horar da ma'aikata, tana jawo ɗaliban makarantun nan biyu na Dutsin-Ma su yi aikin gwaji a ƙauyuka. Attajiran yankin da magadan malamai kuma a buɗe musu hanyar yin waƙafin littattafai da rajista, da sunan mamacin a jikin kanta idan sun so. A kuma wajabta wa kowane laburare ya liƙa a ƙofarsa, ƙarshen kowace shekara, adadin kuɗin da aka ba shi, da littattafan da ya saya, da mutanen da suka ara, domin kansilan Wurma da iyayen yara su sami abin da za su tambayi shugaban ƙaramar hukumar Kurfi a kai lokacin kasafin kuɗi.