Ƙasar da babu ita a taswira: hawan West Indies da saukarta a wasan kurket

A gidajen kallon ƙwallo na unguwar Magajiya, nan Suleja, idan ka ce a kamo maka tashar kurket, dubanka za a yi a yi dariya. Allon da ke jingine a ƙofa, Arsenal ce da Chelsea da Madrid aka rubuta da alli, ga lokacin wasa ga kuɗin shiga. Saboda haka ranar 14 ga Yulin 2025, da Ostareliya ta tattare 'yan wasan West Indies a kan maki 27 kacal a filin Sabina Park na birnin Kingston, ba wanda ya ajiye kofin shayinsa a nan. Ga wanda ya san wasan kuwa, abin ya wuce shan kaye. Tun 1877 da aka fara wasan kwana biyar tsakanin ƙasashe, sau ɗaya tak aka taɓa yin ƙasa da haka, maki 26 na New Zealand a 1955. Cikin mutum goma sha ɗaya, bakwai sun fita ko maki ɗaya babu. Kuma wannan ita ce ƙungiyar da ta yi shekara 15 ba wanda ya iya kai bayanta ƙasa.

Kurket ba baƙo ba ne a Arewa kamar yadda ake zato. A da ana buga shi a Kwalejin Katsina, inda Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, wanda daga sunansa aka samo "Suleja", ya yi karatu, kuma Sardauna Ahmadu Bello ya buga shi yana ɗalibi. Sai dai a wurinmu wasan bai tsallake katangar makaranta ba. A tsibiran Karibiyan ya tsallake, ya faɗa gonakin rake. Da farko Bature ne ke riƙe da katako yana bugu, jikan bawa shi ne mai jifa cikin rana da ɗauko ƙwallo. A hankali mai jifan ya fi mai gida iyawa.

Abin lura shi ne babu wata ƙasa mai suna West Indies. Tarin ƙasashe ne da yankuna, irin su Jamaika da Barbados da Trinidad da Antigua da Guyana, kowace da tutarta da gwamnatinta. An gwada haɗa tsibiran a tarayya guda a 1958, ta watse a 1962. Kurket ne ya ci gaba da riƙe su. Duk jama'arsu in an haɗa ba su kai jihar Kano yawa ba, Antigua kuwa, wadda ta haifi Viv Richards da Andy Roberts da Curtly Ambrose, ba ta kai ƙaramar hukumar Suleja mutane ba.

'Yan West Indies sun shiga sahun manya a 1928, suka fara doke Ingila a gidanta a 1950. Amma har wannan lokacin ƙa'idar da ba a rubuta ba ita ce kyaftin ya zama farar fata, ko da na ƙarƙashinsa sun fi shi nesa ba kusa ba. Sai da marubuci C.L.R. James ya tayar da ƙura a jarida a Trinidad kafin a danƙa wa Frank Worrell ragama a 1960, shekarar da Najeriya ta samu 'yanci. Daga nan wasan ya zama wani ɓangare na neman mutunci.

Mulkin na gaske daga wulaƙanci ya samo asali. A ƙarshen 1975 kyaftin Clive Lloyd ya kai yaransa Ostareliya, inda masu jifa biyu, Dennis Lillee da Jeff Thomson, suka yi musu jina-jina, aka tashi 5 da 1. Watanni kaɗan bayan haka Indiya ta cinye su a Port of Spain, saboda Lloyd ya dogara da masu jifan lanƙwasa a hankali. Daga ranar ya yanke shawara: masu jifan wuta huɗu zai riƙa zubawa, wannan ya gaji wancan ya karɓa, daga safe har yamma. Ƙwallon kurket tauri gare shi kamar dutse. Ka ƙaddara an wurgo maka shi da gudun da ya haura kilomita 140 a awa, ya daki ƙasa ya taso saitin maƙogwaro, daga hannun Joel Garner, mutumin da tsawonsa ya wuce mita biyu. Michael Holding kuma laƙabinsa na nufin mutuwa mai raɗa, don ko alƙalin wasa ba ya jin takunsa in ya taho.

A 1976 kyaftin ɗin Ingila Tony Greig, haifaffen Afirka ta Kudu ta zamanin wariyar launin fata, ya yi suɓutar baki a talabijin cewa zai sa su rarrafe. Ya taɓo inda yake yi musu ciwo. Suka ci Ingila 3 da nema, Richards ya zuba maki 291 a filin Oval, Holding ya fitar da mutum 14 a wasa guda, baƙaƙen fatar Landan, direbobin bas da ma'aikatan asibiti, suka cika filin da kiɗan gwangwani. Richards ɗin nan bai taɓa sa hular kwano ba a wasan ƙasa, hular ƙyalle kawai da cingam a baki. Da Afirka ta Kudu ta zamanin wariya ta shiga zawarcin 'yan wasan Karibiyan da kuɗi masu kauri a 1983, ya ƙi zuwa. Waɗanda suka je, aka haramta musu wasa, wasunsu har mutuwa ba su sake ɗaga kai a gida ba.

Kofin duniya na 1975 da na 1979 nasu ne. A 1984 sun shafe Ingila 5 da nema a gidanta, suka maimaita a 1986. Daga 1980 zuwa 1995, jerin karawa 29 a jere, ba a ci su ko ɗaya ba.

Ostareliya ce ta karya lagon a 1995, a wannan fili na Sabina Park. Shekara guda bayan haka Kenya ta doke su a gasar kofin duniya. Brian Lara ya rufe ɓarakar na wani lokaci, da makinsa 375 a 1994 da 400 a 2004, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gaskiyar magana, ginin ya daɗe da tsagewa. Galibin gwarzayen nan a ƙungiyoyin gundumomin Ingila suka goge, suna wasa kusan kullum ana biyansu, wato makaranta kyauta. Da Ingila ta rage gurbin baƙi, makarantar ta ƙuntata. Ostareliya ta buɗe cibiyar horas da matasa a Adelaide tun 1987, hukumar West Indies kuwa ta zauna tana jiran tsibirai su ci gaba da haifo mata gwanaye kamar yadda suka saba. A 1991 kuma aka taƙaita yawan jifan da ke tasowa saitin kai, dokar da mutanen Karibiyan da yawa ke ganin don su aka yi.

Sai rigimar kuɗi, wadda ta zama kamar gado. A 1998 'yan wasa suka yi zaman dirshan a wani otal kusa da filin jirgin Heathrow, suka ƙi tashi zuwa Afirka ta Kudu, har sai da Nelson Mandela ya aiko da wasiƙa. Suka je, aka yi musu 5 da nema. A 2009 manyan suka yi yajin aiki, Bangladesh ta zo har gida ta cinye waɗanda aka tsinto. A 2014 suka tattara kayansu ana tsakiyar rangadi a Indiya suka koma gida.

Ana yawan cewa talabijin ɗin Amurka ne ya janye yara zuwa ƙwallon kwando, ana kuma kafa misali da Usain Bolt, wanda kurket ya fara so kafin ya koma tsere. Ni ban ɗauki wannan a matsayin babban dalili ba. In da gwanaye sun ƙare, da ba su ci kofin duniya na gajeren wasa a 2012 da 2016 ba, inda Carlos Brathwaite ya aika ƙwallo huɗu a jere cikin 'yan kallo a Kolkata. Gwanayen na nan, kasuwa ce ta tashi ta koma wani gari. Tun da Indiya ta buɗe gasar IPL a 2008, ɗan wasa kan samu a wata biyu abin da hukumarsa ba za ta iya ba shi a shekara ba. Mu da muke kallon yaranmu suna barin Niger Tornadoes da Kano Pillars da zarar an yafito su daga waje, ba mu da bakin zargin 'yan wasa irin su Chris Gayle. Bambancin shi ne ɗan Najeriya in an kira shi, ƙasarsa ce ta kira. Ɗan Trinidad kuwa hukuma ce ke kiransa, mai mazauni a wani tsibiri, ba ta da baitulmalin gwamnati, kason da hukumar kurket ta duniya ta yaga mata kuma ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne, alhali Indiya na kwasar sama da 38. Fushin da ya haɗa kan su Richards kuma, yaron da aka haifa a 1995 a bakin kakansa ya ji shi. Nicholas Pooran, wanda aka haifa a shekarar, ya ajiye rigar West Indies a Yunin 2025 yana da shekara 29.

A 2023 Scotland ta rufe musu ƙofa a Harare, aka yi gasar kofin duniya a karon farko babu su. A Janairun 2024 wani tsohon mai gadi daga ƙauyen Baracara na Guyana, Shamar Joseph, ya shiga fili a Brisbane da yatsan ƙafa a kumbure, ya fitar da 'yan Ostareliya bakwai, Lara na ɗakin sharhi yana hawaye. Wata goma sha takwas bayan nan aka yi 27 ɗin. Hukumar ta kira taron gaggawa, ta aika a gayyato Lara da Richards da Lloyd, wanda a lokacin yake da shekara 80.